Ƙungiya 14 a kaka 17: me ya sa ba a riƙe Edwin Jackson ba, kuma ba a daina kiransa ba?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya, ga yadda ya faɗe ta: "Na ga an ce akwai wani ɗan wasan besbol a Amurka, Edwin Jackson, da ya yi wa ƙungiyoyi 14 wasa. Abin ya ɗaure min kai. In ya iya, me ya hana wata ƙungiya ta riƙe shi? In kuma bai iya ba, me ya sa ake ta ɗaukarsa? Ko dai mugun hali gare shi, ba ya zama lafiya da mutane?"

Malam, bari in fara da ta ƙarshen don ita ta fi sauƙi. Hali bai shigo cikin maganar ba. Abokan wasansa da 'yan jaridar da suka bi shi sun shaide shi da daɗin zama, kuma babbar hujja ita ce wasu ƙungiyoyin sun sake nemansa bayan sun rabu. Washington ta dawo da shi, Detroit ma ta dawo da shi bayan shekara goma. Ba wanda zai koma ya ɗauko fitinar da Allah ya riga ya raba shi da ita. Sauran amsar tana wuri biyu, wato irin aikin da mai jifa yake yi, da kuma yadda ake cinikin 'yan wasa a babbar gasar Amurka, MLB, wanda bai yi kama da na ƙwallon ƙafa da muka saba ba.

Tunda ba kowa ya san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mutum biyu ne ke fuskantar juna. Ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, ba ta wuce girman lemo ba, amma tauri kamar goriba. Ɗayan yana nesa da shi da mita 18 da 'yar ɗoriya, riƙe da kulki. Mai jifa ya wurgo, mai kulki ya yi ƙoƙarin make ta. In ya make ta ta faɗi inda ba a cafe ba, sai ya ruga zango na farko. Zango uku ne sannan gida, duk wanda ya zagayo ya dawo gida an ci maki ɗaya. In jifa uku masu kyau suka wuce shi bai iya yi musu komai ba, an fitar da shi. In kuwa mai jifan ne ya kauce wa saiti har sau huɗu, mai kulki zai taka zuwa zango na farko a kyauta, ko gumi bai yi ba. Ka riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne ciwon Jackson tun daga farko har ƙarshe. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi canji, masu duka su koma tsaro. Kowane ɓangare ya yi nasa, zagaye ɗaya ke nan, wasa kuma zagaye tara ne. Ana auna mai jifa da yawan makin da ake ci a hannunsa a kowane zagaye tara: ƙasa da 3 gwani ne, wajen 4 na tsakiya ne, ya haura 5 kuwa aikinsa yana rawa.

To ga lissafin da ya ciyar da Jackson shekara da shekaru. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Ka buga 162 sau tara, zagaye dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da wani abu za ka samu, kuma dole wani ya tsaya a kan tudun nan ya jefa kowane ɗaya. Mai buɗe wasa yana jifa wajen ɗari, sannan hannunsa ya nemi hutun kwana huɗu, shi ya sa kowace ƙungiya take da masu buɗe wasa biyar suna karɓa-karɓa. Ko tana da gwanaye biyu na gaske, da ƙyar su ɗauke mata zagaye 400. Saura dubu da ɗoriya fa, wa zai jefa?

Ga shi kuma ba a halicci hannun ɗan Adam don ya riƙa wurga abu da gudun kilomita 150 a awa sau ɗari a yini ba. Jijiyar gwiwar hannu tana tsinkewa, kafaɗa tana lalacewa. Akwai tiyatar da ake yi wa masu jifa, wadda ta ɗauki sunan Tommy John, ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Wanda aka yi wa sai ya shekara ko fiye kafin ya dawo. Babu kakar da za ta wuce ba a kwashe masu jifa rututu zuwa asibiti ba. Saboda haka mutumin da za a miƙa wa ƙwallo duk kwana biyar ya karɓa, ya yi zagaye shida, a ci shi uku ko huɗu, ya sauka lafiya, yana da kasuwa ko da bai burge kowa ba. Jackson ya buɗe wasa aƙalla 30 a kowace kaka daga 2007 zuwa 2013, shekara bakwai a jere. Lafiyar hannun nan ita ce hajarsa.

An haife shi ranar 9 ga Satumba 1983 a Neu-Ulm, a Jamus ta Yamma, inda mahaifinsa yake aikin sojan Amurka. Ya tashi a garin Columbus na jihar Jojiya. Los Angeles Dodgers ta zaɓe shi a 2001 daga makarantar sakandare, a zagaye na shida na rabon matasa, inda ƙungiyoyi ke zaɓar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma a lokacin an fi saninsa da duka da tsaron bayan fili. Da suka ga ƙarfin dantsensa sai suka mayar da shi mai jifa. Shekara biyu kacal bayan haka, ranar 9 ga Satumba 2003, ranar da ya cika 20 daidai, suka ɗora shi a babbar gasa ya fuskanci Arizona, wadda Randy Johnson ke jefa mata. Johnson dogo ne, ya haura mita biyu, ya ci kyautar gwarzon masu jifa ta Cy Young har sau biyar, masu kulki na shakkarsa. Yaron ya yi zagaye shida, maki ɗaya aka ci shi, ya kuma yi nasara. Kafin kaka ta gaba masu tantance matasa sun sa shi cikin biyar na farko a ƙasar baki ɗaya.

A ganina wannan daren ya cuce shi kamar yadda ya amfane shi. Yaron da bai fi shekara biyu yana koyon jifa ba, aka ɗora masa tsammanin da ya fi ƙarfinsa. Gudun ƙwallo yana da shi, saiti ne bai nuna ba, kuma saiti sai da daɗewa. Ya yi shekara biyu yana hawa yana sauka tsakanin babbar gasa da ƙananan gasanni, a Janairun 2006 Dodgers ta gaji ta miƙa shi ga Tampa Bay, ta karɓi masu jifa biyu da take buƙata a lokacin.

A nan ne mai kallon ƙwallon ƙafa yake ruɗewa. In ka ji an ce Nicolas Anelka ya yi yawon kulob-kulob, daga Arsenal zuwa Real Madrid zuwa Turkiyya zuwa Chelsea har China da Indiya, ka san kowace tafiya sai da ya zauna ya amince ya sa hannu. A MLB ba a tambayarka. Kwantiraginka ake sayarwa, kai kuma ka bi shi. Ba kasafai ake biyan kuɗin saye ba, musaya ake yi, mutum da mutum. Koci ya kira ka ofis, ya ce an yi gaba da kai, kana da awa 72 ka isa sabuwar ƙungiya. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar inda zai je sai ya cika shekara shida a babbar gasa. Ba ya iya ƙin musaya sai in an rubuta masa hakan a kwantiragi, ko kuma ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, wanda irin su Jackson ba sa taɓa cikawa. Wannan ɗan 'yancin ma da ƙyar aka ƙwato shi. Curt Flood ya ƙi yarda a tura shi Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har kotun ƙoli ya faɗi a 1972, sai a ƙarshen 1975 wani mai sasanci ya yanke hukuncin da ya buɗe ƙofar.

Saboda haka in ka duba ƙungiyoyi shida na farko da Jackson ya yi wa wasa, ko ɗaya bai zaɓa da kansa ba. Daga Janairun 2006 zuwa Yulin 2011 an yi musayarsa sau shida. Kuma ka lura da abin da ake bayarwa a karɓe shi, don a nan za ka ga darajarsa. Mutumin banza ba a musayarsa, sallamarsa ake yi.

A Tampa Bay ya sha wuya a 2007, nasara 5 rashin nasara 15, wato wasannin da aka rubuta cinsu ko faɗuwarsu da sunansa a matsayin mai jifa. A 2008 ya farfaɗo ya ci 14, ƙungiyar da ta saba zama ta ƙarshe ta kai har wasan cin kofi na World Series, Philadelphia ta doke ta. Tampa ƙungiya ce mai ƙaramin aljihu, tana da matasan masu jifa a layi, albashin Jackson kuma ya fara hawa, sai ta ba Detroit shi a Disamba ta karɓi Matt Joyce. Kakar 2009 ita ce mafi kyau a rayuwarsa: nasara 13, zagaye 214, ma'auninsa 3.62, aka kuma zaɓe shi cikin wasan taurari na tsakiyar kaka. Sai ka ce Detroit za ta riƙe shi ke nan. Ina! Ai lokacin da farashin kaya ya kai ƙololuwa ake sayarwa. A Disambar 2009 aka yi cinikin ƙungiyoyi uku, Curtis Granderson ya tafi New York Yankees, Jackson ya tafi Arizona, Detroit kuma ta samu wani matashi mai suna Max Scherzer. Scherzer ɗin nan daga baya ya ci Cy Young sau uku. Magoya bayan Arizona har yau ba su huce ba, ko da yake ba laifin Jackson ba ne.

Yanzu bari in tsaya a kan dare ɗaya, don duk wanda yake son ya gane mutumin nan, wasan ranar 25 ga Yuni 2010 ya ishe shi. Arizona ta je baƙunci gidan Tampa Bay, tsohuwar ƙungiyarsa, a filin nan mai rufi na Tropicana. Ya fara wasan kamar wanda aka ɗaure wa ido. A zagaye uku na farko ya ba mutum bakwai zango a kyauta. A zagaye na uku ma ya cika dukkan zangunan uku da mutane alhali bai fitar da ko ɗaya ba, wanda a besbol kamar gobara ce ta kama ɗaki uku lokaci guda. Ya lallaɓa ya fitar da uku a jere ba a ci ko maki ɗaya ba. Ya riga ya yi jifa wajen 70 a lokacin, adadin da wasu suke kaiwa zagaye na biyar ko na shida da shi. Duk wanda ya san wasan ya ɗauka ba zai wuce zagaye na biyar ba.

Amma akwai abin da ke faruwa a allo. Duk wannan watsal-watsal ɗin, babu mai kulki ko ɗaya da ya samu bugu mai kyau ya kai zango da shi. Gama wasa zagaye tara ba tare da an samu irin wannan bugun ko sau ɗaya ba abu ne da yawanci bai fi a gani sau biyu ko uku a kaka ba, manyan gwanaye da yawa sun yi ritaya ba su taɓa yi ba. Arizona tana gaba da maki ɗaya tal, wanda Adam LaRoche ya ci da bugun da ya tsallake katanga. Jifa ya wuce ɗari, ya wuce 120, ya wuce 130. Koci A.J. Hinch yana tsaka mai wuya: ya cire shi ya hana shi abin tarihi, ko ya bar shi ya jefa hannunsa cikin haɗari. Masu canji suna ta ɗumama hannu a gefe. Ya bar shi. A zagaye na tara, saura mutum ɗaya, Jackson ya sake ba da zango a kyauta, na takwas ke nan. Sai Jason Bartlett ya bugo ƙwallo a ƙasa, Stephen Drew na Arizona ya tsince ta ya wurga zango na farko kafin Bartlett ya isa, aka fitar da shi, wasa ya ƙare 1 da 0. Jifa 149. Mutum takwas a kyauta, ɗaya kuma Jackson ya jefe shi da ƙwallo a jiki. Na sha sake kallon wasan nan, kuma kowane lokaci abin da nake gani ɗaya ne: ƙwallon da ba a iya dukanta, a hannun mutumin da shi kansa bai tabbatar da inda za ta faɗa ba. A yau ba kocin da zai bar mai jifa ya kai 149.

Bayan kwana shida aka kori Hinch daga aiki saboda ƙungiyar tana ƙasan tebur. Bayan mako biyar, ranar 30 ga Yuli, aka tura Jackson Chicago White Sox.

Ƙarshen Yuli shi ne lokacin da ake rufe kasuwar musaya, kuma shi ne damunar irin su Jackson. Ƙungiyar da ta fidda rai da kofi tana sayar da waɗanda kwantiraginsu ya kusa ƙarewa ta karɓi matasa. Wadda take ganin tana da dama kuma tana neman hannun da zai taya ta wata biyu. Haka ta faru ranar 27 ga Yuli 2011. White Sox ta tura shi Toronto ta Kanada, kafin rana ta faɗi Toronto ta wuce da shi St. Louis Cardinals. Ƙungiya uku a yini ɗaya, ta tsakiyar ko rigarta bai sa ba. A cikin cinikin har da wani mai jifa ɗan ƙasar Jamhuriyar Dominika, Octavio Dotel, wanda shi ma matafiyi ne, shi ne kuma ya zo ya kafa tarihin ƙungiya 13 da Jackson ya karya daga baya. Dotel ya rasu a Afrilun 2025, lokacin da rufin wani gidan rawa ya rufta a Santo Domingo.

St. Louis ta samu abin da ta saya. Jackson ya ci mata wasa 5 ya faɗi 2. A ƙarshen Agusta tana baya da tazarar wasa goma da rabi, ta bi Atlanta a hankali har ta wuce ta a ranar ƙarshe ta kaka, ta kuma je ta cinye World Series a hannun Texas Rangers a wasa na bakwai. Jackson ne ya buɗe wasa na huɗu, ya ba mutum bakwai zango a kyauta, aka ci su 4 da nema. Duk da haka zoben zakarun yana hannunsa, an kuma san da shi aka kai wurin.

Sai a lokacin, yana ɗan shekara 28, ya samu damar zaɓa wa kansa. Ya yi shekara ɗaya a Washington Nationals kan dala miliyan 11, sannan Chicago Cubs ta ba shi kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 52. Ga ƙungiyar da ta so ta riƙe shi, amsar rabin tambayarka ke nan, kuma abin bai yi kyau ba. A 2013 ya faɗi wasa 18, ba wanda ya kai shi yawan faɗuwa a gasar. A 2014 ma'auninsa ya kai 6.33. Aka sauke shi daga masu buɗe wasa zuwa masu canji, a Yulin 2015 aka sallame shi da saura shekara ɗaya da rabi a kwantiragi. Ni dai ban ga laifinsa a cinikin ba. Cubs ta san wanda ta saya, ta biya kuɗin ingarma a kan dokin da kowa ya san na dako ne.

A nan wata ƙa'ida ta sake yi masa rana. Kwantiragin MLB ba ya mutuwa don an sallame ka, sai an biya ka har kobo na ƙarshe. Ƙungiyar da ta ɗauke ka bayan sallama mafi ƙarancin albashi kawai za ta biya, wanda a lokacin ya ɗan haura dala dubu ɗari biyar a shekara, tsohuwar ƙungiyarka ta cike sauran. Wato Atlanta a 2015, da Miami da San Diego a 2016, sun samu gogaggen mai jifa kusan a kyauta, Cubs na biya. Wa zai ƙi gwadawa? In ya yi kyau riba ce, in bai yi ba a sake shi, ba a yi asarar komai ba.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne ainihin cin rani, kuma shi ne ba a cika nunawa a talabijin ba. Mutumin da ya taɓa zama tauraro zai sa hannu a kwantiragin ƙaramar gasa, da sharaɗin in ba a ɗauke shi sama ba zuwa rana kaza, yana da damar ya tattara ya nemi wani wurin. Zai je garuruwa irin su Norfolk da Syracuse da Nashville yana wasa da yaran da suke firamare lokacin da ya doke Randy Johnson, yana jiran wani a sama ya ji ciwo. In an kira shi, zai shiga ɗakin sa kaya inda bai san rabin mutanen ba, ya samu akwatinsa da sabuwar lamba, ya zauna da mai cafe masa ƙwallo su daidaita alamun yatsu cikin 'yan mintoci: yatsa ɗaya jifa mai gudu, yatsa kaza mai lanƙwasa. Gidan haya na wata-wata ne, ko otal. Iyali suna wani gari. In kuma wanda ya ji ciwon ya warke, za a cire sunansa daga jerin mutum 40 na ƙungiya, a ba sauran ƙungiyoyi 'yan kwanaki ko akwai mai so. A 2017 Baltimore ta yi masa haka bayan wasa uku kacal, Washington ta sake ɗaukarsa.

Da yawa a nan suke ajiye safar hannu, musamman wanda ya riga ya tara dukiya, ya kuma cika shekara goman da ake buƙata don samun cikakken fansho. Jackson bai ajiye ba. A Yunin 2018 Oakland Athletics, wadda ciwo ya kwashe mata masu jifa, ta kira shi. Ita ce ta 13, ya kamo Dotel. Abin mamaki sai ya yi wasan da ya shekara da shekaru bai yi irinsa ba: ya buɗe wasa 17, ya ci 6 ya faɗi 3, ma'auni 3.33, Oakland ta kai wasannin fidda gwani. Gudun hannunsa ya ragu a lokacin, amma ya koyi wani jifan mai ɗan yankewa a ƙarshe, ya kuma koyi barin mai kulki ya taɓa ƙwallon ta fita a raunane. Dabarar da ya rasa yana ɗan 20 ta zo masa yana ɗan 34.

A Mayun 2019 Oakland ta sayar da shi ga Toronto, wannan karon da tsabar kuɗi. Ranar 15 ga watan ya hau tudu a San Francisco sanye da rigar Toronto Blue Jays, rigar da ta wuce shi shekara takwas baya, ya zama mutum na farko da ya yi wa ƙungiya 14 wasa. Amma hannun ya ƙare. Ma'auninsa a Toronto ya haura 11, aka sallame shi, Detroit ta karɓe shi ya ƙarasa kakar, daga nan bai sake taka babbar gasa ba. Jimillar abin da ya bari: nasara 107, rashin nasara 133, ma'auni 4.78, zagaye kusan dubu biyu. Alƙaluma ne na mutumin da ya ɗan gaza matsakaici. Sai dai matsakaicin da ake magana na 'yan ɗaruruwan mutanen da suka fi kowa iya wannan aiki a duniya ne, kuma akasarin waɗanda suka samu shiga gasar ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan ake mance su.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan hanya, kuma ba duka tafiyarsu ɗaya ba. Rich Hill, bahago mai jifa mai lanƙwasa, nasa ciwo ne da rashin saiti suka riƙa kora shi. A 2015 har ya faɗa wata gasa mai zaman kanta yana wa Long Island Ducks wasa, Boston ta gwada shi a wasa huɗu a Satumba, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Dodgers ta ba shi dala miliyan 48 na shekara uku. A Yulin 2025, yana ɗan shekara 45, ya yi wa Kansas City wasa ya kamo Jackson a 14. Hill gwani ne da jikinsa ya riƙa cin amanarsa. Jackson jikinsa bai taɓa ba shi kunya sosai ba, saiti ne ya ƙi zama.

Akwai ƙungiya guda da ba a lissafa masa cikin 14 ɗin. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, MLB ba ta saki 'yan wasan da ke jerin manyan ƙungiyoyi ba, sai Amurka ta haɗa tawaga da matasa da tsofaffin hannu waɗanda ba sa cikin wannan jerin, Mike Scioscia yana koci. Aka kira Jackson, yana ɗan 37, tare da Scott Kazmir, abokin jifansa tun zamanin Tampa Bay. Sun kai wasan ƙarshe a Yokohama, Japan ta ci su 2 da nema, suka dawo da azurfa. Ya sanar da ritayarsa a Satumbar 2022, daidai lokacin da ya cika shekara 39, shekara 19 bayan daren da ya fuskanci Randy Johnson.